Damo Ya Shiga Tsakanina da Autata

Zuwa ga Hajiya Ummu Salma,

Assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da rubutuna, domin ni kaina ban san ko abin dariya ne ya same ni ko na tashin hankali ba. Na daɗe ina karanta filinki na jarida ina tausaya wa masu rubuto damuwarsu, ban taɓa zaton wata rana zan bi sahunsu ba, balle a ce a kan damo. E, damo dai da kika sani, na daji, mai gajeren wuya da ɗigo-ɗigo a baya. Ina da shi a gidana, ina kuma sonsa, ga shi yanzu yana neman raba ni da 'yar da na haifa.

Na ɓoye sunana, na kuma sauya na waɗanda zan ambata, ko da yake na san wahalar banza nake yi. Mata nawa ne a Gumel suke kiwon damo?

Ni tsohuwar malamar makaranta ce, na yi ritaya, shekaruna sun doshi sittin. Maigidana, Malam, Allah ya yi masa rasuwa bara waccan. Yara duk sun kama gabansu. Babban yana Dutse da iyalinsa, autata Hasanatu kuma tana aure a Maigatari. Na fita takaba a lokacin da aka ce in fita, amma zuciyata ba ta fita ba. Gida ya yi min girma. Na daina zuwa biki da suna, na daina ɗora tukunya sai in yunwa ta matsa, rediyo kuwa in kunna shi don kawai in ji muryar mutum. Ko dariya na yi, ta yaƙe ce, don kada a ce ban yi ba.

Da kakar da ta wuce ƙanena Ubale ya zo ya tisa ni gaba sai na je gonarsa a Ɗanzomo na ga yankan riɗi, wai ko iska na sha. Na je ba don ina so ba. Ina zaune a gindin wata aduwa sai na ji masu aiki sun kaure da ihu a wajen wani suri. Can sai ga su sun taho da wani abu an ɗaure masa ƙugu da igiya, wani har ya fara tattara kirare zai hura wuta. Ɗan damo ne, tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. Bai yi fizge-fizge ba. Ya dai kumbura jikinsa iya ƙarfinsa, yana huci, wai shi a dole babba ne, a ji tsoronsa. Hajiya, abin nan da ƙyar ya kai maburgi, amma yana harararmu duka! Sai ya juyo da kai ya dube ni da ido ɗaya, ya zaro wannan harshe nasa mai baki biyu, ya mai da, kamar dattijon da aka kawo wa ƙarar da ba ta dame shi ba. Wallahi ban san lokacin da dariya ta kuɓuce min ba. Ta gaske, daga ciki, wadda rabona da ita tun Malam yana raye.

Na ce a bar min shi. Ubale ya ce in nama nake so zai yanka min zakara. Na ce ni ba ci zan yi ba, ajiyewa zan yi. Ya dube ni, ya dubi masu aikinsa, ya ce, "Yaya, ko rana ce ta buge ki?" Amma da ya ga fuskata sai ya je da kansa ya nemo kwando mai murfi.

Dawowarmu gida ita ma labari ce. Motar haya na shigo, kwando a cinyata na lulluɓe shi da gefen mayafi. Matar da ke kusa da ni ta tambaye ni ko zabbi ne, na ce mata baƙo ne. Muna wuce Sule Tankarkar mota ta faɗa rami, baƙo ya saki huci. Direba ya taka birki ya fita yana zagaya tayoyi, yana neman wadda ta sace. Ya duba duka bai ga komai ba, ya dawo yana mita. Ni kuwa na cusa mayafi a baki, hawaye na zuba, matar nan sai ba ni haƙuri take yi, ta ɗauka rasuwa aka yi min.

Na sa masa suna Ɗanzomo, tunda can aka samo shi, duk da babu abin da ya haɗa shi da zomo. In kin ga yana tafiya sai ki rantse ƙasar ta ubansa ce. Na share tsohon akurkin kajina na zuba masa yashi, na sa masa kwatarniya da ruwa. Kwanakin farko ko kallona ba ya yi, in na matso ya yi min bulala da wutsiya. Sai na riƙa ɗauko kujera 'yar tsuguno ina zama nesa kaɗan ina tsince shinkafa, ina yi masa hira. A hankali ya daina huci. Ranar da ya fara karɓar fara daga tsinken da na miƙa masa, na tashi na taka rawa a tsakar gida, ni kaɗai, da wannan gwiwar tawa!

Ke dai ba ki ga yadda yake cin katantanwa ba. Ya ɗauka, ya jinjina, ya fasa ta ƙaras, sannan ya goge bakinsa a ƙasa, dama da hagu, kamar wanda ya tashi daga walima. In hantsi ya yi ya fito ya baje a kan dutsen niƙan kakata, ya miƙe ƙafafu ya lumshe ido. In ya shiga kwatarniya sai hancinsa kawai za ki gani. Da ya yi saɓa na tattara fatar na adana a gwangwani, kada ki tambaye ni dalili. Saboda shi na koyi neman abu a wayar da babban ɗana ya saya min, na ga ashe a wasu ƙasashe har ɗaki ake gina musu da fitila. Saboda shi na koma fita, domin sai na je kasuwa neman fara. Saboda shi na koma girki, tunda in na dafa masa ƙwai sai in ji kunyar in bar kaina da yunwa. Kullum yana samun ƙwansa, wani lokaci tsire in na wanke yajin, da soyayyiyar fara ta masu talla in ɗanya ta yi wuya. Ya yi ɓul-ɓul, wuyansa har ninki yake yi, tubarkalla.

To, sai magana ta fara fita. Maƙwabciyata Asama'u ta shigo aron turmi ta same ni a durƙushe ina ce masa ya yi haƙuri ruwan ya yi sanyi. Ta fita ba turmi ba sallama. Kafin mako ya zagayo an ce na ajiye iska a gida, an ce tun rasuwar Malam kaina ya taɓu, wata ma cewa ta yi da shi nake duba. Matan da suke zuwa muna bitar karatun islamiyya a zaurena suka janye ɗaya bayan ɗaya. Na je wurin Malam Abduljabbar, limamin unguwarmu, na tambaye shi hukunci. Ya ce shi bai ga haramci ba matuƙar ina ciyar da shi ba na kuma azabtar da shi, sannan ya gyara gilashinsa ya ce, "Amma Hajiya, kaji sun ƙare ne a kasuwa?" Duk wannan bai hana ni barci ba, in gaya miki gaskiya ma daɗi abin yake min. Rabon da a yi maganata a unguwa a kan wani abu ban da tausayi, an daɗe.

Ga inda abin ya ɓaci. Hasanatu tana da ciki na fari, ya tsufa, kuma bisa al'ada gida za ta dawo goyon ciki, ta haihu a gabana, in yi mata wankan jego har ta yi arba'in. Na fi kowa ɗoki. Na sa an yi wa ɗakinta fenti, na tara itace, na tanadi kanwa da kayan yaji. Sai gwaggon mijinta Nura, Hajiya Sauda, wadda ita ta riƙe shi tun yana yaro, ta zo daga Maigatari da wata ƙawarta don mu tsai da ranar da za a kawo ta. Hajiya Sauda babbar mace ce, jiki da daraja, 'yar kasuwa mai kai atamfa Damagaram. Tana fama da ciwon gwiwa, sai da aka kama ta ta sauko daga mota.

Ni kuwa saurin tarbar baƙi ya sa na bar ƙofar akurki a sake.

Mun zauna a falo, sun tuɓe takalma, na kawo dambun nama da zoɓo, hira ta yi daɗi, har mun kai ga maganar ungozoma da asibiti. Sai na ga Hajiya Sauda ta ɗan motsa ƙafa. Ta sake motsawa. Ta ce kamar wani abu yana taɓa mata diddige. Ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashin kujera, suka yi ido huɗu da Ɗanzomo, harshensa a waje.

Hajiya Ummu Salma, matar da aka kama ta sauko daga mota, tsalle ɗaya ta yi sai ga ta tsaye a kan kujera, ɗankwali a ƙasa, tana salati da ƙarfi. Ƙawarta ta yi waje da farantin dambu a hannu, ba ta tsaya ba sai bakin titi, ba takalmi. Shi kuwa gogan ya fito a natse, ya ratsa tsakiyar falo, ya je ya ɗora haɓarsa a kan jakar Hajiya Sauda. Maimakon in ba da haƙuri, kin san abin da ya fito daga bakina? Cewa na yi, "Ɗanzomo, haka ake gaida surukai?" Daga nan dariya ta kama ni. Na yi na yi in tsai da ita ta ƙi. Na zame daga kujera na zauna a ƙasa ina riƙe da ciki. Ko yanzu da nake rubuta miki sai da na ajiye biro na share ido. Allah ya yafe min.

Hajiya Sauda ba ta ƙara shan ko ruwa ba. Ta ɗaura ɗankwalinta, ta ce daga nan har Damagaram ba a taɓa wulaƙanta ta irin na yau ba, suka tafi. Washegari Nura ya kira ni, cikin ladabi, ya ce ya yi shawara da manyansa, matarsa ba za ta haihu a gidan da ake kiwon wannan abu ba, gwaggonsa za ta kula da ita a can. Ban gama jin zafin wannan ba sai ga kiran Hasanatu, tana kuka. Ta ce tun da ta samu cikin nan take mafarkin dawowa ɗakinta, ta ci tuwon hannuna. Ta ce, "Inna, ni ce ko shi?" Ni kuma da azarɓaɓin bakina sai na shiga yi mata bayanin cewa ai ba ya cizo in ba a taka shi ba, kuma yana da tsafta fiye da kaza. Ina cikin bayani na ji ta kashe waya. Tun ranar in na kira sai ta gaishe ni a taƙaice ta ce tana aiki.

Ba wai na fi sonsa da ita ba ne, wane shi! Amma in na tuna yadda nake kafin ya zo, sai tsoro ya kama ni. In ta yi arba'in ta koma, ni da wa zan zauna?

Kamar wannan bai isa ba, tun da sanyi ya shigo Ɗanzomo ya daina cin abinci. Ƙwai, fara, katantanwa, duk ya kau da kai. Ya tona rami a kusurwar akurki ya shige, sai in na leƙa in ga wutsiya. Asama'u ta aiko a gaya min wai bakin mutane ne ya kama shi. Ni kuma ina zargin kaɗaici ne, don haka na yi magana da wani mai kawo fatu kasuwar Maigatari, ya ce zai samo min guza mace, babba, mai kyan zane, ta zama abokiyar zamansa. Har na fara tunanin sunan da zan sa mata, na kuma auna inda za a haƙa mata ɗan tafki a bayan ɗakin girki. Kin ga irin halin da nake ciki ko? Ana rikici a kan ɗaya, ni ina shirin na biyu, kuma in na tuna sai in ji daɗi kamar yarinyar da aka yi wa ɗinkin salla.

Don Allah ki faɗa min gaskiya. Na haukace ne? Me ya sami Ɗanzomo? Yaya ake kiwon abin nan yadda ya kamata, tunda ni da ka nake yi? Yaya kuma zan yi 'yata ta dawo gida ba tare da na rasa shi ba?

Taki,
Uwar Damo, daga Gumel

*

Uwar Damo,

Wa alaikumus salam. Ba ki haukace ba. Na karanta wasiƙarki a ofis, da na zo kan Hajiya Sauda a saman kujera sai da abokan aikina suka leƙo su ga ko lafiya. Don haka ni ma ina da nawa kason na istigfari. Na yi miki murna da dariyarki ta dawo, kuma duk abin da Allah ya yi sanadin dawowarta da shi, ba zan raina shi ba, ko da mai wutsiya ne.

Amma fa surukanki suna da gaskiya, ko da yake ba don dalilin da suke zato ba. Na kai wasiƙarki wurin wani likitan dabbobi, ya ce damo da danginsa sukan ɗauki ƙwayoyin cuta a kashinsu da fatarsu, su ba ya damunsu, amma a jikin mutum sukan jawo gudawa da zazzaɓi. Babba mai lafiya yakan warware. Mai ciki da jariri sabon haihuwa kuwa abin yakan yi musu tsanani. Dabbar da ke ratsa falo, ta hau dutsen niƙa, ta ɗora haɓa a kan jakar baƙi, ba za ta zauna gida ɗaya da mai jego ba. Wannan ba maganar iska ba ce ko bakin mutane, maganar lafiyar jikanki ce, kuma ba ta da sassauci.

Saboda haka Ɗanzomo zai yi tafiya kafin Hasanatu ta zo. Ubale da ya nemo miki kwando da hannunsa ba zai ƙi ba shi masauki ba. A gina masa wuri a can, kuma a yi shi da kyau, domin akurkin kaji ya kusa yi masa kaɗan, zai iya ninka tsawonsa na yanzu. Yana bukatar fili mai katanga mai santsi wadda ba zai hau ba, a kuma nutsa ginin cikin ƙasa sosai, don gwanin tono ne. A zuba ƙasa gauraye da yashi mai zurfin da zai haƙa rami ya ɓuya, a riƙa ɗan yayyafa mata ruwa kada ta bushe ƙayau. Gefe ɗaya rana, gefe ɗaya inuwa, shi zai zaɓi inda yake so. Ruwansa a sauya kullum, da mazubinsa na kansa da ba ya komawa ɗakin girki. Duk wanda ya taɓa shi ko kayansa ya wanke hannu da sabulu. Bayan ya tafi ki wanke falo da tsakar gida da maganin kashe ƙwayoyin cuta, dutsen niƙan nan kuma ki bar masa shi gado. Fatar da ke cikin gwangwani ma ta bi shi.

Game da ƙin cin abinci, ki kwantar da hankalinki. Likitan ya ce ɗabi'ar damo ce in rani ya shigo ya shige rami ya rage motsi, ya yi watanni yana cin kitsen da ya tara da damina, sai ruwa ya sauka ya fito. Ba kaɗaici ba ne, ba kuma baki ba ne. Ki bar shi ya huta, ki dai tabbatar da ruwa a kusa. Abin da za ki lura da shi shi ne gindin wutsiya da idanu. In gindin wutsiyar ya zube har ƙashi ya fito, ko idanu suka faɗa, ko kika ga kumfa a hanci da baki, to a nemi likitan dabbobi. Yadda kika siffanta wuyansa, ba na jin yunwa za ta taɓa shi nan kusa. Wannan ɓul-ɓul ɗin ma da kike yi wa tubarkalla shi ne abin tsoro, domin ƙiba tana cikin abin da ya fi kashe irinsu a hannun masu kiwo. Tsire da soyayyiyar fara ki bar wa kanki. Shi abincinsa ɗanyar fara, gyare, buzuzu, katantanwa, kuma ba daga gonar da aka yi wa feshi ba. Ƙwai sai jefi-jefi.

Guza kuwa, a'a. Ki kira mai fatun nan yau ki ce kin fasa. Guza ta fi damo girma nesa ba kusa ba, ta fi shi zafin rai, ga cizo ga farce, kuma in kika haɗa su wuri ɗaya ba abota za su yi ba, ƙila ki wayi gari da ɗaya. Shi damo ba ya neman abokin hira, haka Allah ya yi shi. Ban da haka, akwai dokokin da suka shafi kama namun daji da cinikinsu, balle a bakin iyaka. Shi ma wanda ke hannunki, ki sa babban ɗanki ya tambaya miki a ofishin kula da gandun daji ko akwai izinin da ake bukata.

Akwai wata magana da ba za ki so ji ba, amma kin ce in faɗi gaskiya. Kin ceci ransa daga wuta, Allah ya ba ki lada. Sai dai ɗan daji ne. Ya saba da ke, ya daina jin tsoronki, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba zai yi kewarki yadda za ki yi tasa ba. Yana kuma iya haura shekara goma a raye, yana ƙara girma da ƙarfi, ke kuma gwiwa tana ƙara magana. In damina ta faɗi ya fito daga rami, ki zauna ki auna. In kin ga za ki iya riƙe shi da haƙƙinsa, a wuri mai kyau da ƙofa mai sakata, nesa da inda jikoki za su yi rarrafe, ki riƙe shi, ba ki yi laifi ba. In kin ga ya fi ƙarfinki, ki nemi shawarar ma'aikatan gandun daji a kan inda za a sake shi, nesa da masu hura wuta. Ko wanne kika zaɓa, ba butulci ba ne.

Tsoronki na zama ke kaɗai shi ne ainihin ciwon, na kuma ji shi. Amma ki duba da kyau. Wadda ta je kasuwa, ta ɗora tukunya, ta taka rawa a tsakar gida, ke ce. Damo bai yi ko ɗaya ba, yana kwance yana shan hantsi. Wannan matar ba za ta shiga kwando ta bi shi ƙauye ba. Ki aika wa matan karatunku cewa zaure yana nan a share. Ki ɗauki turmin nan da kanki ki kai wa Asama'u, ki zauna ki ba ta labarin direba da tayoyinsa. Zai yi wuya mutum ya ci gaba da jin tsoron abin da ya riga ya yi wa dariya.

Hajiya Sauda kuwa ba a waya za ki ba ta haƙuri ba. Ki shirya ki tafi Maigatari da Ubale ko wata dattijuwa da take ganin girmanta, ki riƙe abin hannu. Kada ki kare damo, kada ki yi bayanin tsaftarsa. Ki ce kin yi kuskure da kika bar baƙuwarki ta firgita a ɗakinki, kin ƙara da dariya, kuma kin riga kin kau da shi daga gidan. Ki gayyace ta ta zo ta duba da idonta. In kin ji dariya tana taso miki a gabanta, ki ciji leɓe ki dubi ƙasa, in ta ƙi ki nemi hanyar bayan gida. Nura bai yi miki rashin kunya ba, matarsa da ɗansa yake karewa, ki gode masa a kan haka.

Amma kafin duk wannan, Hasanatu. Yarinyar nan ta yi miki tambaya, ba ki ba ta amsa ba. Ta san amsar, ke ma kin sani, sai dai mai ciki na fari tana bukatar ta ji da kunnenta. Ki ajiye jaridar nan ki kira ta. In ta ce tana aiki, ki ce ba za ki daɗe ba, kalma biyu ce: ke ce. Sauran bayani ya jira sai ta zo gida.

Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za a samu, ya jiƙan Malam, ya kuma bar miki dariyarki.

Taki,
Hajiya Ummu Salma